Daga Fas Zuwa Kwarin Muluya a Kan Sawun Azir

Idan Bahaushe ya ce maka za shi Fas, ba sai ka tambaye shi abin da zai kai shi ba. Ziyara ce. Tun da Shehu Ahmadu Tijjani ya rasu a 1815 aka binne shi a zawiyarsa da ke cikin tsohon birnin, sawun mutanen Afirka ta Yamma bai ɗauke daga lungunan garin ba, daga 'yan Senegal da Mali har mutanen Kano, Zariya, Gusau da Damagaram. Ni ma abin da ya kai ni ke nan, jim kaɗan bayan Babbar Sallar 2025.

Sallar wannan shekara ta zo wa mutanen Maroko a wani hali na daban. Tun a watan Fabrairu Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'arsa su haƙura da layya, domin fari na kusan shekara bakwai a jere ya ƙone wuraren kiwo, har dabbobin ƙasar suka ragu da kashi 38 cikin ɗari in an gwada da ƙidayar 2016. Ruwan da aka samu a watan Maris ya ɗan farfaɗo da gonaki, amma bai dawo da garken da ya tafi ba. A jirgin ƙasa daga Kasablanka, tafiyar kusan awa huɗu ta Rabat da Maknas, hirar fasinjoji ba ta wuce tsadar nama da sauran ruwan da ke cikin madatsu ba. Duk wanda ya tashi a inda ake duban gabas da zullumi a watan Yuni ya san irin wannan hira. Ita ce ta sa na shiga Fas ina lura da abin da ke rayuwa a ƙasar da ruwa ya yi wa rowa, da dabarar da yake rayuwa da ita.

Bayan na sauke nauyin ziyara sai na gangara kasuwar Attarin, ta masu kayan ƙamshi, wadda ke gab da masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a 859. Lungu ne matsattse mai rufi, buhuna jere a bakin kowane shago: busasshen na'ana'a, za'atar, shiba, luwiza, tohon wardi. A cikinsu akwai wani buhu cike da sirarran ganye masu tsini, kore mai ratsin toka. Mai shagon ya ɗebo ya zuba mini a tafin hannu, ya ce in murza. Ƙamshin ya ratsa hancina har ƙwaƙwalwa, ga kafur a ciki, ga sanyin ganyen bishiyar turare.

"Azir ke nan, ya Sidi," in ji shi. "Ba mai shuka shi. Allah Ya shuka abinSa a kan dutse, mu namu yanka."

Ganyen ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne rozmerin da matanmu ke saye a 'yar kwalba su haɗa da tayim da kori a suyar kaza, shi ne kuma masu magungunan Musulunci ke kira iklilul jabal. Sai dai wanda ke isowa gare mu ya daɗe a kan kanta har rabin ƙamshinsa ya tsere. Mutanen Maroko suna jefa shi a shayi lokacin sanyi, suna dafa shi su sha idan ciki ya kumbura, suna ɗora shi a kan gasasshen nama. Mai shagon ya ce kayansa daga bayan duwatsun Atlas suke zuwa, wajen Bulman da Misur. A nan na ƙudura sai na je na gani.

Kafin tafiyar, darasi ya same ni a masaukina. Tsohon gida ne irin na Fas, ɗakuna kewaye da tsakar gida, maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya. Gefen ruwan akwai bishiyar lemo da kwandunan na'ana'a shar da su. Azir kuwa babu ko ɗaya a ƙasa. Sai da na hau saman soro da hantsi na tarar da shi, tukwane jere a jikin katanga inda rana ke dukansu tun fitowarta, ƙasar cikinsu a bushe ƙamas, rassan kuwa a miƙe, ganye cunkus. Dattijon da ke kula da gidan ya hau da butarsa, ya shayar da wasu furanni, ya wuce tukwanen azir ko ɗigo bai ba su ba.

Na ce, "Baba, waɗannan fa?"

Bai amsa da baki ba. Ya kama yatsana ya cusa a ƙasar tukunyar har gaɓa ta biyu. Can ƙasa akwai ɗan sanyi. Ya ce muddin yatsa ya ji wannan sanyin, ba a ba shi ruwa. Sai ƙasar ta bushe har can, sannan a shayar da shi sosai har ruwa ya fito ta hudar gindin tukunya, a kuma ƙyale shi. Ya ce a tsawon shekarunsa na aikin lambu bai cika ganin azir ɗin da ƙishirwa ta kashe ba, amma wanda ruwa ya kashe ba ya ƙirguwa. Saiwarsa tana bukatar iska. Idan ta kwana cikin laima sai ta ruɓe, ganye ya fara baƙi daga ƙasa, mai shi ya ga yana yaushi ya zaci ƙishi ne, ya ƙara masa ruwa, ya ƙarasa shi. Abin ya yi kama da yi wa ƙoshasshen yaro ɗura.

Daga nan ya nuna mini yadda ake samun sabon tsiro. Ba ya wahalar da kansa da iri, domin irin azir yana jinkirin tsirowa kuma da yawansa ba ya fitowa. Reshe yake yanka, na bana wanda ya fara ƙwari amma bai zama itace ba, tsawon santimita 10 zuwa 15, bai kai taƙi ba. Ya riƙe kan da hagu, ya zuge ganyen rabin ƙasa da yatsu biyu na dama a ja ɗaya. Ya ɗauko ƙaramar tukunyar ƙasa, ya rufe hudarta da tsingaro yadda ruwa zai wuce ƙasa ba za ta bi shi ba, ya cika ta da yashi kashi biyu, ƙasar lambu kashi ɗaya. Ya huda da tsinke, ya soka rassa a kewayen bakin tukunyar, ya danna da babban yatsa, ya yayyafa ruwa, ya ajiye a inuwa mai haske. A wannan matakin kaɗai ake kula kada ƙasar ta bushe gaba ɗaya. Bayan wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi sai a ɗan ja reshen a hankali. In ya yi gardama, ya yi saiwa, sai a fara saba masa da rana kaɗan-kaɗan.

Na dubi tsakar gidan daga sama, sai tsarin ya fito mini sarai. Mai son ruwa yana ƙasa kusa da ruwa, mai son rana yana sama kusa da rana. An zaunar da kowace shuka gwargwadon ƙishirwarta, saboda haka ba a zubar da ruwa a inda ba a bukatarsa.

Na kama hanyar kudu a irin manyan tasin nan masu ɗaukar mutum shida. Kimanin kilomita 30 daga Fas muka ratsa Safru, garin ceri, inda ake bikin wannan ɗan itace duk watan Yuni tun 1920, bikin da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2012. Daga nan hanya ta fara hawa. Gonakin zaitun suka ba da wuri ga dazuzzukan tsaunin Atlas ta Tsakiya, iska ta yi sanyi har a Bulman sai da na jawo mayafi, alhali ana tsakiyar zafinsu. Da muka juya gabas muka fara gangara, sai duniya ta sauya. Itatuwa suka ɗauke, fili ya buɗe fetal, ba komai sai tsakuwa da ciyawar halfa da suke saƙa igiya da tabarma da ita. Duwatsun da muka tsallako su ne ke tare hadarin da ke tasowa daga Tekun Atlantika, ya zubar da ruwansa a yamma, ya iso gabas wayam. Kogin Muluya ne kaɗai ya ja koren layi a tsakiyar kwarin, zaitun da gonaki manne da gaɓarsa, yana tafiya arewa har ya faɗa Bahar Rum kusa da Sa'idiyya, dab da iyakar Aljeriya. Daga nesa ana hango Bu Nasir, dutse mafi tsawo a wannan jeri, mita 3,340.

A gangaren waɗannan duwatsu azir yake. Tun kafin mu sauka daga motar da ta kai mu daga Misur ƙamshinsa ya riga mu shiga, domin zafin rana na tayar da man da ke cikin ganyen. Tudu bayan tudu, kututture-kututture, wani iya gwiwa wani iya ƙugu, kowanne ya ba ɗan'uwansa tazara, tsakaninsu farin dutse da tsakuwa. Ƙasar da manomi zai kalla ya kau da kai, ita ce gidansa.

Na tsinko ganye ɗaya na juya shi. Samansa kore ne mai sheƙi, da kauri, ruwa ba ya zama a kai. Gefunansa biyu sun naɗe ciki. A cikin naɗin akwai farin layi na gashi mai laushi, kuma a ƙarƙashin gashin nan ƙofofin numfashin ganyen suke ɓoye, inda busasshiyar iska ba ta kai musu kai tsaye. Da wannan gini yake riƙe ɗan ruwan da ya samu. Man da ke ba shi ƙamshi kuma yana rage wa dabbobi sha'awarsa, shi ya sa tumaki kan bi ciyawar gindinsa su bar shi, sai in yunwa ta kai musu iya wuya. A gindin kowane kututture ƙasa ta taru ta yi ɗan tudu, saiwa ta riƙe ta, busasshen ganye ya rufe ta. Inda aka tumɓuke ɗaya kuwa sai ka ga ruwan sama ya wanke wurin har dutse. Idan ya yi shuɗin furensa bayan sanyi, masu kiwon zuma kan kawo amyoyinsu su jera a gindin tudu, zumar azir kuma tana da daraja a kasuwa.

Mun tarar da masu yanka sun kafa tantuna a wani kwari, iyalai ne, maza da mata, kowa da laujensa. Dajin na gwamnati ne. Hukumar kula da ruwa da gandun daji ce ke yanka shi fegi-fegi ta ba da izini. A da 'yan kasuwa ne ke cin gwanjon fegi su ɗauki 'yan ƙwadago, yanzu kuwa ana ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin gama-kai na mutanen yankin. Ƙa'idar yankan ba ta da wuyar faɗi: a ɗauki saman reshe, a bar gindi da ganye a jikinsa, fegin da aka yanka kuma a bar shi ya huta wasu shekaru kafin a koma masa. Wani magidanci daga cikinsu ya kama wani kututture ya nuna mini inda lauje ke tsayawa. Ya ce tsohon itacen azir ba ya saurin yin toho, in ka sare shi har inda babu ganye, sau da yawa ka yi sallama da shi ke nan.

Wuyar tana wurin kiyayewa. Da nauyi ake biyan mai yanka, kuma wanda ya sauke laujensa ƙasa ya fi cika buhu. Wanda ya tumɓuke har saiwa ya samu itacen girki a kan hanya. A shekarun fari toho ba ya tsawo, fegi ba ya murmurewa a kan lokaci, dabbobi sun ƙare, kuɗin azir ne ya rage wa gida. A daidai lokacin da shukar ta fi bukatar a ɗaga mata ƙafa, a lokacin mutum ya fi bukatarta. Magidancin ya nuna mini wani tudu da hannu, ya ce yana yaro ba a ganin ƙasarsa don duhun azir. Yanzu fari fat yake.

"Fari bai kashe shi ba, ya Alhaji," in ji shi. "Fari ya kwantar da shi, hannu ya ƙarasa."

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne ƙungiyar tasu ta fara renon dashe a leda tana mayarwa inda ya ƙare, da irin dabarar da dattijon Fas ya nuna mini a saman soro. Wasu kuma sun fara noma shi a gona da ban-ruwan ɗigo, don daji ya sami sarari.

Aikin bayan yanka duk wanda ya taɓa sussuka zai gane shi. A baza rassan su bushe, a buge su da sanda ganye ya zube, mata su shiƙe su tankaɗe a rariya, a ɗura a buhu. Wanda aka busar a inuwa ya fi riƙe korensa, ya fi kuɗi. Wani kason kuma tukunyar tatsar mai ake kai shi. Katuwar tukunyar ƙarfe ce, a danƙara ta da rassa, a rufe, a tura tururi ta ƙasa. Tururin ya kwaso man ya bi ta bututun da ya ratsa ruwan sanyi, ya koma ruwa, ya ɗiga a wani mazubi inda man ke tasowa sama a kwashe. Rassan da aka gama tatsa su ake busarwa a hura wutar zagaye na gaba. Kilo ɗari na ganye ba ya wuce ya ba da lita ɗaya zuwa biyu. Man Maroko da na Tunisiya an san shi da yawan sinadarin siniyol, wanda ke cikin ganyen bishiyar turare, na Sifen kuma kafur ya fi yawa a ciki. Mai ne mai ƙarfi, na turare da sabulu da man shafawa, ba na sha ba.

Yawancin buhunan nan Turai da Amurka suka nufa. A can ana tsamo wani sinadari daga ganyen da ke hana mai da nama saurin lalacewa, wanda Tarayyar Turai ta amince da sa shi a abinci a 2010 da lambar E392. Mai laujen da ya yini a rana kaɗan yake gani daga wannan riba. Ban ji labarin a matsayin baƙo ba, domin haka zoɓon Jigawa ke tafiya Meziko a buhu, haka cittar Kudancin Kaduna da riɗinmu ke fita ɗanye, a sarrafa a can, a ci ribar a can.

Ɗanyen tsiro ba ya tsallaka iyaka sai da takardar hukumar killace tsirrai, don haka busasshen ganye kawai na ƙullo. Dashen kuwa yana nan a gida, wurin masu sayar da furanni a bakin titi. Sai dai wanda zai shuka shi a ƙasar Hausa dole ya san abu ɗaya: lokutanmu da na Bahar Rum a juye suke. Su ruwansu da sanyi yake zuwa, zafinsu a bushe yake. Mu ruwanmu da zafi suke haɗuwa. Abin da Kano kan samu a watan Agusta kaɗai ya kusa kai abin da tuddan Muluya ke samu a shekara guda. Rani ba ya tsorata azir, marka ce abokiyar gabarsa, domin ɗumi da laima su ke kawo ruɓewar saiwa da fumfuna a ganye.

Saboda haka tukunyar ƙasa mai huda ta fi dacewa da mu. Tana numfashi, ba ta dafa saiwa yadda baƙar roba ke yi a rana, kuma ana iya janye ta ƙarƙashin rumfa idan ruwa ya ɗaure kwana da kwanaki. Kada a ajiye ta inda indararo ke zuba. Mai son shuka shi a ƙasa ya nemi jigawa, ya tayar da kunya mai tsayi, ya gauraya yashi da tsakuwa, ya ba da tazarar kusan mita ɗaya don iska ta ratsa. Ƙasar laka da fadama ba nasa ba ne. Taki kaɗan ya ishe shi, in ya yi yawa sai ya yi ganye mai laushi marar ƙamshi. Yana son rana ta awa shida ko fiye, amma a tsananin bazara ƙaramin dashe na bukatar inuwa daga azahar zuwa la'asar. Lokacin yanka reshe don dashe shi ne bayan kaka, da shigowar hunturu, yadda zai yi ƙarfi kafin damina. Wajen tsinka kuma ƙa'idar tuddan Muluya ce: daga sama, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, kada a taɓa tsohon itace. Wanda ya kiyaye wannan zai shekara da shekaru yana tsinka a tukunya ɗaya, ya kuma raba wa maƙwabta dashe.

Na je neman shukar da ke jure fari, na same ta, na kuma ga cewa juriyarta na da iyaka, kuma hannun mutum ne ke kai ta iyakar, ko da buta a lambu ko da lauje a daji. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Rijiyoyinmu na ƙara zurfi, amma har yanzu muna shimfiɗa ciyawar ado a gidaje da ma'aikatu muna kwarara mata ruwan burtsatse safe da yamma, alhali ga lalle, ga nobe, ga azir, masu ƙamshi da ba sa neman ko rubu'in haka. A dajinmu kuma ga hano da maɗaci tsaye tsirara, an saɓule musu ɓawo har kewaye don magani, babu mai cewa a bar wannan ya huta bana. Mutanen Muluya sun fara rufe fegi suna mayar da dashe bayan sun ga tudu ya yi fari. Mu da sauran itatuwanmu a tsaye, ya kamata masu unguwanni da sarakunan daji da masu sayar da magani su zauna su sa wa yankan ƙa'ida tun yanzu, kowane gida kuma ya fara da tukunya ɗaya a tsakar gidansa.